Burodin Ƙarƙashin Katifa

Duk tsaunukan Narin babu wanda ya ga abin da tsoho Toktosun ya gani. A gidan marayu ya tashi bayan yaƙi, ya ci ciyawa ya rayu. Ƙanƙara ta taɓa binne shi da dokinsa, dokin ya mutu, shi kuwa ya fito yana tambayar shayi. Amma ranar da jami'ar kula da marayu za ta zo, surukarsa Burul abu ɗaya ta roƙe shi: ya yi shiru.

Wata uku ke nan da ita da mijinta, ɗan tsohon, suka ɗauko Akilai, 'yar shekara shida, daga gidan marayu. Rahoton jami'ar nan ne zai sa alƙali ya bar musu yarinyar har abada, ko a mayar da ita.

Jami'ar, mai suna Saltanat, ta sha shayi, ta leƙa murhu, ta leƙa rumbu. Toktosun na zaune, labarin karonsa da kerketai uku na cin sa a maƙogwaro, ya haɗiye. Da ta ɗaga katifar Akilai, sai ga busasshen burodi jere kamar tubali, wani har ya yi kore.

Fuskarta ta canza. Ta ce ta san wannan alama: yaron da ke ɓoye abinci bai yarda da gidan ba, ko kuma ba ya ƙoshi. Burul ta fara rantse-rantse. Saltanat ta zare murfin biro.

Tsohon ya dubi biron, ya dubi yarinyar. Shekara saba'in bai taɓa amsa cewa yana tsoron komai ba. Ya yi gyaran murya.

"'Yata, ajiye biron nan. Burodin nan nawa ne."

Ya ce surukarsa ta gano na cikin takalminsa, ta gano na bayan agogo, kullum tana kwashewa ta ba kaji. Shi ya sa ya nemi mafaka a ɗakin jikarsa. Ya ƙara da cewa ba tsoro ba ne, dabarar yaƙi ce.

Saltanat ba ta gamsu ba. Ta tsuguna ta tambayi Akilai ko gaskiya ne.

Yarinyar ta yi ajiyar zuciya irin ta manya. "Na gaji da faɗa masa. Na ce, Kaka, nan gidanmu ne, gobe ma Mama za ta gasa wani. Ba ya ji. Sabo ne, bai saba ba tukuna."

Saltanat ta daɗe tana rubutu, kafaɗunta na girgiza don dariya. A bakin ƙofa ta ce wa Burul ta shirya zuwa kotu da kayan biki, yarinya ta zauna daram. Tsohon ne dai sai an ƙara haƙuri da shi.

Toktosun ya bi ta har mota da labarin kerkecin. Kafin su kai, kerketan sun zama bakwai.