Jan Kwaɗon Merv

Sati biyar ke nan gidan Noelene Triffitt babu ɗumi, ga shi watan Yuli ne, tsakiyar hunturu a garin Deloraine, lokacin da ruwan kwanon kare kan wayi gari a daskare. Ba lalacewa tukunyar ɗumama gidan ta yi ba. Wani ɗan jan kwaɗo ne datse a makunninta, da kati rataye a jiki: "Kada a kunna. Ina aiki. Merv Triffitt," sai lambar wayarsa.

Merv mijinta ne, shekara talatin da takwas yana aikin lantarki. Wata Talata ya ce zai canja wayoyin famfon da ke tura ruwan zafi cikin bututun ɗakuna. Ya kashe wuta, ya gwada, ya sake gwadawa, sannan ya datse kwaɗonsa, a gidan da daga shi sai matarsa. Haka Allah ya yi shi, mutum ne mai ƙa'ida har ta yi yawa. Ya ce ta ɗora shayi, zai je ya sayo wani ɗan ƙarfe ya dawo. A bakin shagon zuciyarsa ta tsaya.

Tun daga ranar Noelene take yini cikin rigar sanyi biyu da safa uku. Ba ta kuka. Ta ɗauka zai zo mata a wajen jana'iza, bai zo ba, sai ta daina jiransa. Sanyin ma ba ta jin sa sosai. Takan dafa abu ta ci, ta wanke cokali ɗaya, ta zauna. 'Yarta da ke Melbourne ce ta ji tarin da take yi ta waya, ta turo Darrel Bester, abokin aikin Merv na shekara ashirin.

Darrel ya shigo da hantsi yana murza hannu. "Uwargida, wannan gida ne ko firjin mahauta?"

"Rufe ƙofa, kana fitar min da sanyi," ta ce, ko murmushi babu.

Ya wuce ɗakin wanki inda tukunyar take, ya ga kwaɗon, ya yi tsaye. Ya san rubutun, ya san har yadda Merv ke ɗaure igiyar kati.

"Wanda ya sa shi ne ke cirewa," in ji Noelene daga bayansa. "Kai ma ka sani."

"Na sani. Amma, Noel, mai shi..."

"An rubuta yana aiki."

Darrel bai yi musu ba. Masu wannan sana'a ba sa wasa da kwaɗon wani, don sau da yawa hannun mutum na can cikin wayoyi, inda mai kunnawa ba ya gani. Merv ya taɓa korar ma'aikaci nan take a kan ya yanke kwaɗon da ba nasa ba. Noelene ta sha jin labarin a teburin cin abinci har ta haddace.

"To, bari mu bi yadda shi zai bi," Darrel ya ce. Ya ciro nasa kwaɗon ya datse a kan babban makunnin gidan. Ya gwada na'urarsa ta auna wuta, ya gwada wayoyin, babu wuta, sannan ya kwance murfin famfon. Sai ya yi tsaki a hankali. Wayoyi biyu ne a zare, tsirara, ɗaya ta jingina da ƙarfen tukunyar.

"Nan kike shanya tawul?"

"Nan."

"Da kin kunna, da 'yarki ta yi jana'iza biyu. Tsohon mai taurin kan nan ya san abin da yake yi."

Ta kalli wayar. Ta san ya kamata gabanta ya faɗi, amma bai faɗi ba.

Cikin rabin awa Darrel ya ƙarasa aikin, ya gwada, ya mayar da murfi. Saura kwaɗo. Ya goge hannu a wando, ya ce ƙa'ida ita ce in mai kwaɗo ba ya wurin, sai an duba aikin, an tabbatar ba ya ciki, kuma an kira shi kafin a cire. Biyu sun samu. Ya ciro wayarsa, ya karanta lambar daga jikin katin, duk da ya san ta kamar sunansa.

Daga cikin durowar kicin ƙara ta tashi. Ashe kullum Noelene tana yi wa wayar Merv caji. Wayar ta yi ta ringi, su biyun suna tsaye a ɗakin wanki, babu wanda ya motsa, har ta gaji ta katse.

"Bai ɗauka ba," Darrel ya ce. Ya sunkuya zai ɗauko almakashin ƙarfe.

"Kada ka yanka masa abu." Ta sa hannu a aljihun rigar sanyinta ta ciro ɗan makulli. A cikin kayan Merv da asibiti suka miƙo mata ya zo, sati biyar yana jikinta. Ta buɗe da kanta, ta zare katin, ta ninke.

Darrel ya cire nasa, ya kunna. Famfo ya ɗauka, bututu suka fara ƙas-ƙas a cikin bango. Noelene ta je falo ta ɗora tafukanta a kan ƙarfen ɗumi na gindin taga, ta jira. Can sai yatsunta suka fara zugi, zugi mai tsanani, har cikin ƙashi.

"Darrel, hannuna ciwo yake."

"Haka yake yi in ɗumi ya fara shiga. Ɗan janye."

Ba ta janye ba. Ta ce, "Na ɗora masa shayin, ka sani." Daga nan kuka ya ƙwace mata.