Turmin Tsakiyar Kicin

Zaituna matar Malam Yahuza ta Yalwawa ta rantse ledar da za ta shimfiɗa a daɓen kicin ɗinta sai ta ga jikoki. Ta ƙawarta Luba ko azumi ba ta kai ba ta fara ɓarewa, kuma Zaituna ce ta fi kowa dariya. To, in tata ta lalace, ina za ta kai bakin matan unguwa?

Ta je shagon Kamilu mai leda a kasuwar Dutse, ta sa bawan Allah zufa. Ta karce wannan da mukulli, ta taka waccan da tsinin takalmi, har manja ta zo da shi a 'yar kwalba, ta ɗiga ta goge.

"Hajiya, a tukunya za ki yi miyar ko a ƙasa?" in ji Kamilu.

"Kai dai warwaro mini mai kaurin can."

Aka shimfiɗa mai zanen tayil, sai sheƙi take. Da surukarta Inna Gaji ta zo daga Jahun, tun ba ta ajiye ƙullin kayanta ba aka karanta mata doka, cikin ladabi dai: ba gawayi, ba daka, ba jan kujera.

"To 'yar nan, ni 'yar kallo ce," in ji tsohuwa.

Ranar da mata za su zo ganin kicin, Zaituna ta ɗora tuwon masara a kan gas. Tuwo ya yi kauri, muciya ta ƙi juyawa a tsaye. Hannu kuwa ba ya manta gidan ubansa. Ta sauke tukunya ƙasa, ta zauna, ta tokare ta da ƙafa, ta shiga tuƙi kamar yadda ta taso tana yi. Inna Gaji na bakin ƙofa tana jan carbi. Ta gani sarai, amma ai 'yar kallo ce.

Sai ƙauri ya tashi. Zaituna ta ɗaga tukunya, leda ta biyo gindinta tana miƙewa kamar cingam. Ga baƙin tabo nan, faɗin faifai.

"Wannan gwajin ne ba ki yi a shago ba," in ji Inna.

Ana haka sai ga sallama a zaure. Zaituna ta mirgino turmi da gudu, ta dasa shi kan tabon.

Luba ta leƙa, ta yaba leda, sannan ta ce, "Ƙawata, turmi a tsakiyar kicin?"

"Ado ne. Haka manyan mata ke yi yanzu a Abuja."

Kafin babbar salla, gida uku a layin sun dasa turmi a tsakiyar kicin, suna kewaya shi da tiren abinci. Zaituna kuwa ta mayar da tuƙin tuwo tsakar gida, leda na nan sabuwa fil, ba mai taɓa turmi. Inna Gaji ta yi alkawarin rufa asiri, kuma ta cika, don a Jahun kaɗai ta faɗa.