Motar Gwangwani ta Mato

Ɗan Azumi maƙerin fari ne a bakin kasuwar Madarumfa. Fitilu yake yi da gwangwanin kananzir, yana liƙe butoci da dalma, yana kuma gaya wa mutane gaskiya kyauta, shi ya sa cinikinsa bai taɓa kai na maƙwabcinsa ba.

Da bazara, bayan sojoji sun dawo daga yaƙin Turawa, wata mata mai suna Inde ta zo daga wani ƙauyen azna na wajen Gabi, ta durƙusa a gaban rumfarsa. Wani dogon mutum yana tsaye a bayanta cikin tsohuwar rigar soja, idonsa a ƙasa.

"Sannu da aiki, Baba. Mota nika so ka ƙera mini."

"Tafi Maraɗi, ɗiyata. Can ma ba su ƙera ta, lalata ta suka iya."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce wannan maigidanta ne, Mato ake ce masa. Wata da ta rako ta ita ce ta faɗi sunan, don Inde ba ta kama sunan miji. Tun da ya dawo bai yi magana ba. Yana ci, yana sha, amma ko sunan ɗansa bai kira ba, kuma in ya ji ƙugin mota daga nesa sai ya kwanta ƙasa ya miƙe kamar gawa. Wanda suka dawo tare ya ce wata motar yaƙi ce ta Jamus, mai sulke da igwa, ta same su a wani fili. Tsohuwar gidansu ta duba, ta ce abin ya biyo shi gida, kuma ba a korar abin da ba shi da jiki. A yi masa jiki, Mato ya gane shi da idonsa, sannan a kai tafki a jefa.

"In bai gane ta ba fa?"

"Aikin banza ke nan. Ni dai muryarshi nika so in ji, Baba."

Ɗan Azumi bai yarda da maganin ba. Amma ya binne matarsa bara, ya san yadda gida yake in murya ɗaya ta fita daga cikinsa. Ya ce su dawo bayan kasuwa ta zagayo.

Bai taɓa ganin abin ba, don haka ya shiga tambaya. Ya fara da tsofaffin sojoji biyu da ke zama gindin tsamiya, Sarjan Tanko da Musa, waɗanda suka ci yaƙin tun tuni da baki, suna kuma sake cinsa kowane hantsi.

"Ba ta da taya irin ta mota," in ji Tanko. "Bisa sarƙa take tafiya, sarƙar tana naɗe da ƙafafu. Manya, suna cuɗe da juna."

"Ƙanana ne," in ji Musa.

"Kai ina ka gan ta? Daga bayan tukunyar wake?"

"Mai tukunya ya fi mai gudu ganin abu, Sarjan. Kai ƙeyarka ce ta gan ta."

Sun yarda a kan abu ɗaya kawai: launinta toka-toka ne, da alamar gicciye baƙi mai farin baki a kuiɓi. Ɗan Azumi ya zana a ƙasa da tsinke, suna gogewa da ƙafa, yana sakewa.

Ya hau jaki ya tafi Maraɗi wajen wani mushen lakwal, wato malamin boko, da aka ce yana tara tsofaffin jaridu. Mushen ya yi masa kirki, ya nemo hoto, ya bar shi ya zauna da shi har azahar. A nan ya ga hular ƙarfen da ke bisa, wadda igwa ke fitowa daga goshinta, ya ga 'yar tsagar da direba ke leƙe, da shebur da aka ɗaure a gefe. Shebur ɗin ya fi tsaya masa a rai. Ashe masu abin nan ma suna tona ƙasa kamar kowa.

Ya dawo ya zauna aiki. Ya yi jikin da gwangwanin kananzir, igwar da bakin tsohuwar buta, sarƙar da ta keke wadda ya kwance ya sake haɗawa. Ya huda kan ƙusoshi daga ciki da tsinin ƙarfe, layi-layi. Ya dama toka da ƙaro ya shafa. Da ya gama, tsawonta bai wuce kamu ɗaya ba, hular tana juyawa, shebur ɗinta kamar farcen yaro. Tanko ya zo ya gani, ya ja da baya kaɗan. Wannan ya ishi Ɗan Azumi yabo.

Ranar kasuwa Inde ta zo da mijinta. Aka shimfiɗa tabarma bayan rumfa, aka ajiye motar a gabansa. Mato ya dube ta kamar yadda ake duban tulun wani. Ɗan Azumi ya juya hular, ya tura ta gaba, sarƙar ta yi ƙara. Babu abin da ya motsa a fuskarsa. Inde ta fara gyara ɗaurin zanenta, irin na mai shirin tashi.

Sai Mato ya miƙa hannu ya ɗauki motar, ya kifar da ita.

Ƙasanta fili ne, farin gwangwani, har da sauran rubutun kamfanin kananzir. Ɗan Azumi bai yi komai a wurin ba. Wa ke duban cikin mota? Sojoji sun gan ta daga nesa, mai hoto ya tsaya a gefe, shi kuma ya bi su.

Mato ya shafa farin wurin da babban yatsa, ya daɗe yana shafawa.

"Ba ita ba ce."

Muryar a dushe take, kamar ƙofar da ta shekara a rufe. Inde ta sa hannu ta toshe bakinta. Ɗan Azumi ya harare ta don kada ta yi guɗa ko kuka, sannan ya ɗauki tsinin ƙarfensa kamar ba abin da ya faru.

"To ƙaƙa take, soja? Ni ban je ba."

"Akwai ƙofa nan. Ƙarama." Ya nuna. "Mai yana ɗiga ta wajen ga. Da zafi. Ina cikin rami, ta bi ta bisana. Ciyawa ta maƙale nan, da laka." Ya tsaya. "Ba toka-toka ba ce. Baƙa ce."

"Ƙofar mai kusurwa ce ko kewayayya?"

Mato ya yi tunani, ya ce kewayayya. Daga nan ya faɗi sunan wanda ke kwance kusa da shi a ramin, wani mutumin garin Sarkin Yamma, ya ce shi ramin bai ishe shi ba. Ba wanda ya tambaye shi ƙari.

Ɗan Azumi ya ce aikin zai ɗauki lokaci, sai mai ita yana kusa. Mato ya riƙa zuwa kowace kasuwa. Aikin yini guda ne ga maƙeri irinsa, amma sai ƙofar ta fito a karkace, Mato ya yi gyara. Wata kasuwar ƙusoshin su hau inda ba wurinsu ba, Mato ya yi faɗa, har ya ce masa tsohon banza, ya kuma ba da haƙuri da dogon bayani.

Ranar da hadarin farko ya haɗu a gabas, Inde ta tsaya bayan mijinta ya yi gaba.

"Baba, yaushe za a kai ta tafki?"

"Hannuna ya tsufa, ɗiyata. Kullum sai na yi kuskure."

Ta dubi fitilun da ke jere a rumfar, kowace a miƙe, ba wadda ke yoyo.

"Jiya ya kira yaron da sunanshi," ta ce. "Ya ce a fiddo iri."

Ɗan Azumi ya kifar da motar bisa gwiwarsa, ya ɗumama dalma, ya liƙa ƙofar daidai.