Abin da Ya Saura a Wutsiyar Kaset

Aikina a gidan talabijin shi ne in sa mutane su tafa. Ina tsayawa gefen kyamara da abin sauraro a kunne, in mawaƙi ya kai ƙarshe in ɗaga hannuwa sama, 'yan kallon da ke ɗakin shiri su ɓarke da tafi. In lokaci ya ƙare kuma in ja yatsa a maƙogwaro, alamar a yanke. Da wannan aiki na yi aure, da shi na ajiye tumbi, da shi na yi furfura. Mai Tafi ake ce mini. Matata ma in na ɓata mata rai haka take kirana.

Shirin namu na kiɗa ne kai tsaye, duk Asabar da la'asar, kuma ya girmi rabin ma'aikatan gidan. Manyan mawaƙa sun hau dandalinmu. Wasu sun rasu, wasu sun tuba, wasu sun yi girman da ba sa ɗaga waya. Amma wanda ya fi kowa hawa shi ne Safaya.

Mai gyaran rediyo ne, shagonsa na bayan katangarmu. Yana da tsohuwar jita da waƙoƙi biyu da rabi. Sunan kuwa na tayar nan ne da ake ajiyewa a bayan mota, wadda ba a tunawa da ita sai an yi faci. Duk ranar da babban mawaƙi ya shanya mu, furodusa zai dubi agogo, ya dube ni, ya ce, "Mai Tafi, a ɗauko Safaya." Sai in zagaya ta ƙaramar ƙofa in same shi ya duƙufa a cikin hanjin rediyon wani. Bai taɓa cewa a'a ba, bai taɓa tambayar wa ya ƙi zuwa ba. Zai goge hannu, ya sauko da rigarsa mai ruwan ƙasa da ke rataye a ƙusa don irin wannan rana, ya biyo ni.

Ba na jin mun taɓa yin shirin da jama'a suka ƙi kamar nasa. Masu kallo a gida da sun hango rigar nan sai su tashi su kama wanki. Surukata ta ce ranar Safaya ce talabijin ɗinta ke samun hutu. Na cikin ɗaki kuwa, waɗanda suka ci kwalliya don ganin wani, sai na ɗaga hannu har kafaɗa ta riƙe kafin in samu tafi irin na waɗanda aka tasa daga barci. Ba muryar ce ba ta da daɗi ba. Waƙar ce ba ta sauri. Babbarsu labarin wani mutum ne da ke jiran mota a tasha, kuma motar ba ta da niyyar zuwa. Ga shi da rufe ido. Da ya taɓa jita sai ya runtse, ba zai buɗe ba sai ya ga dama. In yi ta jan yatsa a maƙogwaro har in kusa yanka kaina, a banza. A ɗakin sarrafawa sai dai su yanke shi su tafi labarai.

Daga baya gidan ya waye. In mawaƙi bai zo ba sai a maimaita tsohon shiri, aka daina aikena bayan katanga. Shagon ma na ga an rufe, na ce zan tambaya, ban tambaya ba.

Ana nan aka kawo mana sabon manaja, yaro sa'an ɗana na fari, mai ladabi ƙwarai, irin ladabin da ke sa mutum ya fara tunanin fansho. Ya ce ɗakin ajiyar kaset zai koma ofis. Shirye-shiryen da aka fi so a juye su a kwamfuta, sauran mota za ta zo ranar Juma'a ta kwashe.

A makon ne maigadi ya ce wata mata na nemana a ƙofa. Dattijuwa ce, matar Safaya, ta tsaya a inuwar katanga tana fifita da gefen mayafi.

"Ƙanena, kai ne mai zuwa ɗaukarsa a shago, ko?"

"Ni ne, Yaya. Ina maigidan?"

"Yana nan, rabinsa." Ta ce ɓarin jikinsa ya shanye, ya tafi da hannun da yake kaɗa jita da shi, ya tafi da harshe. "Maganarsa ni kaɗai ke ganewa, ni ɗin ma rabi cika masa nake. Jikokinsa ba su san muryarsa ba. Jiya ƙaramar ke tambayata wai Kaka dama haka aka haife shi. Yana ji. Ya juya fuska bango, har yanzu bai ci abin kirki ba." Ta gyara mayafi. "Maigadi ya ce za ku zubar da kaset. Guda ɗaya nake so. Ko mara kyan ne."

"Yaya, duk marasa kyan ne," na ce, don bakina ya saba riga hankalina. Ta yi dariya, Allah ya taimake ni. Na ce ta kwantar da hankalinta, mutumin da ya fi kowa hawa dandali ai kaset ɗinsa sai an ture.

Na gangara wurin Ma'aji, mai kula da ɗakin kaset, wanda muka shigo aiki shekara guda da shi kuma tun lokacin yake cewa zai bari. Na faɗa masa abin da nake nema. Ya cire tabarau ya dube ni kamar na tambaye shi lambar wayar kakansa.

"Mai Tafi, a gidan nan kake aiki kuwa? Yaushe aka taɓa sayen kaset isasshe? Duk Asabar sai an nemo wanda za a ɗora sabon shiri a kai. To a kan wa za a ɗora? A kan babban mawaƙi, a kore ni? Kaset ɗin Safaya bai taɓa ganin Asabar biyu da Safaya a ciki ba."

"Ko ɗaya?"

"Shi ma kaset ɗin safaya ne, malam. Gado ya yi."

Na hau sama wurin manaja neman a ɗaga zuwan motar. Ya miƙe tsaye ya ba ni kujera, ya sa aka kawo mini ruwa, ya ce, "Baba, duk abin da kuka samu ku ɗauka, halak malak. Amma mota Juma'a." Na sha ruwan, don kada a ce na tashi a tutar babu.

Muka shiga nema ni da Ma'aji, ko da an manta da wani a bayan kanta. Injin kallo guda ne ya rage mai rai, shi ma sai an mare shi a gefe. A saka kaset, a ga farkonsa, a ga ba shi ba ne, a cire. Na ga mawaƙan da na manta, na ga wanduna masu faɗin ƙafa da na rantse ban taɓa sawa ba. Gwiwoyina suka yi tsami, hancina ya toshe. Ma'aji na ta mita.

"Mutum yana da lafiya ba ku saurare shi ba, sai yanzu."

"Ka saka na gaba."

"Ni da za a shafe ni a ɗora wani a kaina, da na gode."

Ranar Alhamis da azahar muka sare. Na aika aka kawo mana shayi da burodi, muka zauna a kan kwalaye. Akwai kaset a cikin inji, na wata mawaƙiya mai yawan juyi, kuma a cikinmu babu mai ƙarfin tashi ya cire. Ta gama, aka tafa, sunaye suka wuce. Allon ya yi fari yana shuu. Ina cikin tunanin ƙaryar da zan yi wa dattijuwar nan, ko in ce gobara, ko in ce ɓeraye, sai allon ya yi rawa, ya daidaita.

Riga mai ruwan ƙasa. Ido a rufe.

Ma'aji ya ajiye kofi a hankali. "Kai! Wannan ai wuce lokacin da yake yi ne."

Haka ne kuwa. Kowane mawaƙi yana tsayawa in na ja yatsa, don haka duk shirin da aka ɗora a kan na Safaya ya fi nasa gajarta. A iska an yanke shi an tafi labarai, amma mai ɗauka ba ya tsayar da inji sai kiɗa ya tsaya. Abin da ya zarce ya maƙale a wutsiyar kaset, inda shafewa ba ta kai ba. Mu kuwa farkon kaset muke ta dubawa, kamar masu hankali.

Muka koma kan tulin da muka riga muka ture, muna tura kowane zuwa ƙarshe. Wani babu komai, wani ɗan guntu, wani da dama. Ma'aji ya daina mita, abin da ya ɗan tsorata ni. Kafin motar ta iso washegari ya jera su a kwamfuta bi da bi, ya juye mini a faifai.

Ba shiri ba ne, gaskiya. Ƙarshe ne bayan ƙarshe bayan ƙarshe, ba farko ko ɗaya. Mai kyamara ya riga ya saki kyamara ya tafi, ta tsaya tana kallon dandali duka. Ana ganin 'yan kallo na neman ƙofa, ana jin ƙarar kujeru ana tarawa. Safaya na tsakiya, baƙin gashi, sai furfura, sai sanƙo, rigar dai ita ce. A gefensa kuma ga wani mutum yana yanka maƙogwaronsa da yatsa, yana tsalle, yana nuna agogo ga wanda ba ya gani. Siriri a farko, daga baya da tumbi. A na ƙarshe-ƙarshen ya daina tsalle, yana zaune a kan lasifika ya dafe kai.

"Ba za a iya cire ni ba?" na tambayi Ma'aji.

"Sai dai a cire shi tare da kai. Kun manne."

A nan ne kuma na fara jin ƙarshen waƙar tasha, ni da na tsaya kusa da ita fiye da kowa a duniya. Ashe motar tana zuwa. Ta zo, ta tsaya, har da wurin zama. Sai mutumin ya dubi bencin da ya saba da shi, ya ce wa direba ya wuce, zai jira ta baya.

Ranar Asabar da hantsi na tafi gidan. Falo ne ƙarami, tsofaffin rediyoyi jere a kan kabad, jitar a rataye ba igiya biyu. Safaya na kan kujera an tokare shi da matashi, hannun dama a cinya kamar ba nasa ba. Ya dube ni, ya dubi ƙusar da rigar nan ke rataye a bango, ya ce wani abu.

"Wai wa ya ƙi zuwa yau," in ji matarsa.

"Yau ka tambaya? Ka makara, ranka ya daɗe."

Jikoki suka baje a ƙasa. Aka saka faifai. Da muryar ta fito sai ƙaramar ta dubi allo, ta dubi kujera, ta sake duban allo. Ta rarrafa ta leƙa bakin kakanta, kamar tana neman inda aka ɓoye ta. Matar ta tashi wai za ta duba tukunya, ta tsaya a bakin ƙofa ba ta fita ba.

Ni kuwa gumi nake. Mutumin nan bai taɓa ganin abin da nake yi a gefensa ba, ga shi yau yana gani, shekara bayan shekara, a gaban iyalinsa.

"Wane ne wancan mai yanka kansa?" in ji babban jikan.

"Ga shi nan zaune yana shanye mana ruwa," in ji kakarsu.

Na gyara murya na fara bayani, cewa aiki ne, lokaci ba nawa ba ne, labarai ba sa jira. Safaya ya ɗaga hannun hagu ya tsayar da ni. Ya yi magana mai tsawo, da ƙyar, gefen bakinsa na rawa. Matar ta sunkuya ta saurara, sai ta toshe baki da mayafi.

"Ya ce ka daina wahalar da kanka. Ya ce kai a zatonka don daɗin waƙa yake rufe ido?"

Na dube shi. Rabin fuskarsa mai aiki tana dariya, ɗaya rabin ya bar mini in ƙarasa da kaina. Duk tsallen nan, duk ciwon kafaɗar nan da nake shafa wa magani, ashe mutumin yana jin iskar hannuna.

A allo guntu na ƙarshe ya zo. Direba ya wuce, jita ta yi shiru, Safaya ya buɗe ido a kan ɗakin da ba kowa sai kujeru da wani mai tumbi a kan lasifika. Ba tafi. Ban san lokacin da hannuwana suka tashi sama ba, kafaɗar ta ce ƙas. Yaran suka dube ni, suka gane, suka kama tafi da ihu, ƙaramar har da buga ƙafa. Shi kuwa idonsa a buɗe, yana bin su da kallo ɗaya bayan ɗaya.

Ya sake cewa wani abu, gajere.

"Wai a maimaita daga farko," in ji matar. "Kuma wai a kawo masa abinci."

Na dubi agogo. Da la'asar ina da shiri, akwai mawaƙin da ya yi alkawarin zuwa, kuma na san irin alkawarinsa. Na kai yatsa maƙogwaro don sabo, na ga Safaya ya fara lumshe ido. Na sosa wurin kawai, na gyara zama.