Uwar Matuƙin Jirgi

Duk ranar da jirgi ya gitta saman ƙauyen nan da ke bayan Yankara ta hanyar daji, sai mutane su ce Salahuddeen ne ya zo gaida uwarsa. Ba wanda ya san mafarin maganar. Abin da aka sani dai yaron ya tafi koyon tuƙin jirgi a wani sansanin sojan sama, an kuma ga hotonsa a waya tsaye gefen wani ɗan jirgi. Shi ke nan fa. Daga ranar, duk abin da ya yi ƙugi a sama, babba ko ƙarami, nasa ne. Mero, maƙwabciyar uwar, takan bar tuwo a wuta ta fito tsakar gida ta rangaɗa guɗa. A teburin mai shayi har gardama ake kan ko ya karkata fiffike da ya zo daidai masallaci. Ranar kasuwar Yankara kuwa, mutumin ƙauyen ba ya gama cinikin buhun masara bai gaya wa mai saye cewa su ma suna da nasu a sama ba.

Uwar, Suwaibatu, ba ta taɓa cewa uffan ba. Ɗan fari ne, shi kaɗai kuma ya rayu mata, ko sunansa ba ta kamawa, sai dai ta ce "wancan". In jirgi ya taso sai ta ƙara sunkuyar da kai kan waken da take tsinta, amma hannun yakan tsaya har sai ƙugin ya ɓace.

Garin na zaman sulhu da mutanen daji, 'yan bindiga. Sulhu dai sunansa: a bar ku ku yi noma, ku kuma ku iya bakinku. Ana cikin haka, dawa ta nuna ana shirin yanka, sai wani jirgi ya yi ruwan wuta can cikin daji. Aka ce ya kashe shanu, ya kashe mutane. Ba a jima ba mutanen daji suka aiko Mai unguwa Mamuda ya zo bakin rafi shi kaɗai.

Da ya dawo bai biya gidansa ba, gidan Suwaibatu ya yi sallama. Ƙanen marigayi mijinta ne, ya saba shigowa da tsokana, yana tambayar ina furarsa. Ran nan ya tsuguna bakin rumbu ya cire hula.

"Yaya, sun ce ɗanki ne."

"Ɗana ne mi?"

"Shi ya jefa masu wutar. Sun ce duk Yankara an sani. Sun ce in kawo masu ke, ki zauna wurinsu, in ya ga uwarshi na ciki ya daina."

Ta ajiye faifan da ke hannunta. "Kai kuma ka ce mi?"

"Na rantse masu ba ki gari. Na ce tun bara ya kwashe ki." Ya goge fuska da hular. "Sun ce za su zo su gani da idonsu. In suka ishe ki, na yi masu ƙarya ke nan, ba mai yankan dawa bana, abin da zai biyo baya kuma Allah kaɗai ya sani."

"Wato ka yi rantsuwa, ni zan cika maka ita."

"To mi zan ce, Yaya? In ce ga gidanta can, mai ƙofar kara?"

An ce ɗa na kowa ne. Haka ne, ranar guɗa. Ranar da aka zo neman mai shi kuwa, gida ɗaya aka nufa.

Mero ce ta raka ta kan dutsen da ake samun sabis, tana kuka tana share hanci da gefen zane.

"Ni da bakina, Suwaiba. Wallahi da na sani..."

"Ke dai riƙe wayar sama. Bakinki ɗaya ne cikin ɗari."

Sai da aka yi ta kira kafin Salahuddeen ya ɗauka, ya ce yanzu suka fito daga aji. Ta gaya masa komai a taƙaice, kamar mai ba da saƙon kasuwa.

"Inna, ni fa ɗalibi ne," ya ce. "Jirgin da nake hawa ko tsinke ba ya ɗauka. Malamina na zaune gefena, in na kuskure ya karɓe. Mu tashi, mu kewaya fili, mu sauka, mu sake tashi, wuni guda ke nan. Har yanzu sauka ce ke ba ni wuya, ba a ma yarda in tashi ni kaɗai ba. Ban taɓa bi ta saman gida ba, Inna, ko sau ɗaya."

"Waɗanda ke wucewa fa?"

"Ban sani ba. Ko nan in an gyara jirgi akan tashe shi a gwada, manya ke yi, ba a gaya mana inda suka nufa. Masu wuta kuwa ba daga nan suke tashi ba."

Mero ta kai baki kusa da wayar. "Salahu, ɗan albarka, ka gaya ma manyanku mana! Su turo jirgi ya tsaya saman gari har a gama yankan dawa."

"Baba Mero, jirgi ba ya tsayawa. Zan gaya ma malamina, mutumin kirki ne, zai ce in rubuta, a kai sama." Ya ja numfashi. "Inna, bari in taho."

"Ka taho ka yi mi?"

"In ɗauke ki."

"Da wannan askin naka da tafiyar soja? Kafin ka sauka mota an kai labari. Ka gudu daga aiki su ɗaure ka can, ka iso nan a kashe ka, a haɗa da gari. Zauna inda kake." Ta ɗan tsaya. "Ka ci abinci?"

Ya ce ya ci. Ta ji ba gaskiya ba ne, ta ƙyale shi.

Suna saukowa ta tsaya ta dubi gonarta daga nesa. Dawar ta yi kai, ta sunkuya, ita ta shuka ta da hannunta a inda Gide, mijinta, ya saba shukawa. Bayan gonar maƙabarta ce, yana can, da 'ya'yanta da ba su yi kwana ba. Ta so ta ji haushin wani. Ta gwada Mamuda, ta ga in ba don rantsuwarsa ba da yanzu tana daji. Ta gwada Mero, ga ta nan tana ta jan majina. Ta gwada yaron, shi ko sauka bai gama koya ba. Haushin ya rasa inda zai zauna, ya koma mata ciki.

Aikin da ya rage shi ne gidan ya zama kamar an daɗe da barinsa. Maƙwabta suka raba awakinta, aka kwashe tokar murhu, aka kife randa. Mamuda da kansa ya watsa busasshen ganye a tsakar gida, gidan da take sharewa tun tana amarya. Ta tsaya tana kallo da ƙullin kayanta a ka.

"Can ƙofar ɗaki bai samu ba," ta ce masa. "In za ka yi ƙarya, yi ta da kyau."

Ya watsa. Bai iya ɗago kai ba.

Da hantsi aka ɗora ta bayan babur cikin ayarin masu zuwa kasuwa, ta rufe fuska da mayafi kamar mai zuwa asibiti. Ba wanda ya raka ta, ba wanda ya yi mata sallama a fili, tunda ai tun bara ta tafi. A Yankara ma Mamuda ya ce kar ta kwana, an san ta da yawa. Aka sa ta motar Funtuwa, inda wata 'yar ƙanwarta ke aure a ɗaki ɗaya.

Motar ta cika da mata da buhuna. Wata dattijuwa mai fara'a da ke gefenta ta miƙo mata gyaɗa, ta tambaye ta daga ina, Suwaibatu ta faɗi sunan wani gari daban. Ta tambaye ta ko gudun daji ne, ta ce ganin gida ne.

"Allah sarki. Akwai 'ya'ya dai ko?"

"Ɗaya."

"Namiji? Ma sha Allah. Mi yake yi?"

Suwaibatu ta dubi direba, ta dubi saurayin da ke gaba yana danna waya, da wani mai rawani da bai ce komai ba tun da aka taso. Ba ta san ko ɗaya daga cikinsu ba.

"Tela ne," ta ce.

"Sana'a mai albarka. Ga shi kusa da ke, ba ruwanshi da kowa."

"Haka ne," in ji Suwaibatu. Ta ɓare gyaɗar, ta riƙe a hannu, ba ta kai baki ba.