Ampilin Baba Sallau

Mu uku ne a shagon da ke bayan tashar Konni: Labo mai sassaƙa akwatunan lasifika, Sabi'u mai naɗa waya, sai ni Wasila mai zana yadda wuta za ta bi a ciki. Shekara uku na yi ina karatu a lakwal ɗin fasaha a Maraɗi, ni kaɗai mace a aji. Da na dawo, masu kawo gyara suna tambaya ina mai shagon, alhali ina tsaye da dalma a hannu. Na jure wannan duka, shi ya sa ba na son a gyara mini aiki.

Baba Sallau mai garaya ya zo daga Bazaga. Manyan lasifikan samari sun danne shi a wajen biki, an fara daina kiransa. Yana son ampili mai batir wanda zai ɗaga sautin garayarsa kafin bukukuwan kaka.

A wuyan garayar akwai ɗan ƙarfe mai zobba da ke zuza in an kaɗa. A lakwal an koya mini duk zuza datti ce. Na yi kwana tara ina haɗa matacin da zai cire ta. Sauti ya fito fes.

Da Baba Sallau ya dawo gwaji, ya kaɗa sau biyu, ya tsaya.

"Ɗiyata, wagga ba garayata ba ce. Ina zobbana?"

"Baba, ai na wanke maka ita."

"To, kin wanke har da naman."

Sabi'u ya fashe da dariya. Dariyar ce ta ƙona ni. Na ce haka ake yi ko'ina a duniya, in bai so ya bari. Ya rataya garayarsa ya fita.

Labo ya roƙe ni sau uku. Waya biyu kawai zan cire, aikin minti goma. Na ƙi.

Sai da kaka ta wuce na ji tsohon kaɗinsa a wayar wani direba, na gane zobban ne ke riƙe da rawar. Na cire matacin, na ɗauki ampilin, na hau babur zuwa Bazaga.

Na same shi yana sussukar wake. Biki goma sha ɗaya aka yi, ko ɗaya ba a kira shi ba. Ya sayar da garayar a kasuwar Badagishiri.

"Aje shi nan, ɗiyata," ya ce. "Jikoki sa ji rediyo da shi."