Littafin Merle Yana Gefen Gado

Merle Tuckwell ta rubuta littafinta na shida domin mutum ɗaya tak, sai ga shi duk Ostareliya ta karanta ban da mutumin.

Sunansa Clarrie Dunstan. Shi ma marubuci ne, kuma sun yi shekara arba'in suna abota. Kowace Juma'a da rana sukan sayi kifi da soyayyen dankali a naɗe cikin takarda, su zauna kan bencin bakin kogi a Port Fairy, suna ci suna gulmar marubutan Sydney. Matar Clarrie ta daɗe da rasuwa. Mijin Merle kuwa ya tafi Perth neman aiki tun kanta bai yi furfura ba, har yau ana jiran ya samu. Abin da Merle ta kasa faɗa a kan bencin nan shi ta zuba a littafi: wata mai gidan abinci tana son wani mai askin tumaki, mutum mai taurin kai, mai rigar sanyi ruwan ƙasa da ta huje a gwiwar hannu, mai cinye mata dankali ba ko sannu. Duk wanda ya taɓa ganin Clarrie sau ɗaya zai gane shi tun babi na farko.

To, mu marubutan ƙasar nan muna da namu ladabin. In aboki ya ba ka sabon littafinsa, ba ka cewa ba ka karanta ba. Cewa za ka yi, "Yana gefen gadona." Shi kuma ya yi godiya, don naka ma yana gefen nasa gadon yana shan ƙura. In ka ji mutum ya yabe ka ido da ido, to ko bango bai buɗe ba. Wanda ya karanta da gaske kuskure yake kawo maka: jirgin ƙasan Geelong ba ya tsayawa a tashar da ka ce, ko ba a kama irin kifin nan a watan Yuni. Sannan ba a tambaya. Marubucin da ya ce wa ɗan'uwansa "ka karanta kuwa?" ya zubar da girmansa.

Littattafansu biyu sun fito kusan tare, a watan Maris. Na Clarrie shi ne na takwas, kuma kamar sauran bakwai ɗin, fari aka yi, tumaki suka mutu, wani tsoho ya tsaya yana kallon sama. Merle ta cinye shi kafin Juma'a ta zagayo.

"Ka kashe karen a babi na huɗu," ta ce masa a kan benci, "sai ga shi yana haushi a babi na tara."

"Wani karen ne."

"Da suna ɗaya? Da ɗingishi ɗaya?"

Clarrie ya yi dariya har ya ƙware. Daɗi ya kama shi, don an karanta shi ke nan. Ita ma ta miƙa masa nata. Ya auna shi a tafin hannu kamar mai sayen kabeji, ya juya bayansa, ya ce, "Kai, Tuckwell, wannan ai tubali ne." Ya cusa shi a jaka, ya kai hannu ya ɗebi dankalinta.

Juma'ar da ta biyo ta sa janbaki, abin da rabonta da shi tun jana'izar yayarta.

"Na gode da littafi," in ji Clarrie. "Yana gefen gado."

Ta goge janbakin da takardar kifi.

Sanyi ya shigo, lokacin fitar da sunayen 'yan takarar kyaututtukan adabi ya zo. A waɗannan watannin babu marubucin da ke iya shan shayi cikin kwanciyar hankali. Kowa na cewa kyauta ba ta dame shi ba, kowa kuma wayarsa na cikin aljihun gaba. Wata kyauta ta fitar da dogon jerinta, ga Merle a ciki. Wata ta fitar da gajere, ga Merle. Babbar ta Melbourne, wadda ake kira Kyautar Garrick, ita ma ta sa ta cikin shida na ƙarshe. Na Clarrie ko a jerin masu share fage bai fito ba. Vince, mai shagon littattafan garin, ya bi kowane kwafin Merle ya manna masa tambarin zinare, har ya rufe rabin sunanta.

Gari kuwa ya karanta. Noreen mai soya kifi ta fara ƙara wa Clarrie dankali tana cewa, "Ga na mai askin tumaki." Matan kulob ɗin karatu in sun gan shi sai su dubi gwiwar hannunsa su sunkuyar da kai suna ƙunshe dariya.

"Me ya samu mutanen garin nan?" ya tambayi Merle. "Jiya wata ta tare ni a gidan waya ta ce in ji tsoron Allah in buɗe idona. Ni ban ma san ta ba."

"Wataƙila littafinka ta karanta."

"Haba, da ta kawo kuskure mana." Ya yi gyaran murya, ya dubi kogi. "Af, naki fa. Gagarumin aiki ne, Tuckwell. Mai ratsa zuciya."

Kalmomin yabon da aka buga a bayan bangon littafin ke nan, ko tsarinsu bai sauya ba. Merle ta ji kamar ta tura shi cikin ruwa. Jaridu sun yabe ta, wata mata daga Darwin ta bugo gidan rediyo tana kuka, wani malamin jami'a ya gano abubuwa a littafin da ita kanta ba ta san ta sa ba. Duk wannan bai kai mata kuskure ɗaya daga bakin tsohon nan ba.

A watan Agusta mura ta kwantar da shi, ta dafa miyar kabewa ta kai masa. Tana shiga kicin ta ga littafinta. Tagar kicin ɗin Clarrie ba ta tsayuwa a buɗe sai an tokare ta, da can da katako yake yi. Yanzu ya samu abin da ya fi katako. Bangon ya jiƙe da raɓa ya kumbura, rana ta cinye rabin launin.

Ashe ko gefen gadon ma bai samu ba.

Ta ajiye miyar, ta ce Allah ya sawwaƙe, ta fita. A mota ta zauna ta yi kuka kaɗan, sannan ta yi dariya, don ita ma akwai littafin wata ƙawarta a ƙarƙashin ƙafar teburinta. Ta san ba ƙiyayya ba ce. Tsoro yake ji kada ya buɗe ya tarar ta fi shi, kuma wannan tsoron babu marubucin da bai san shi ba. Sanin hakan bai rage mata zafi ba. Shekarunta sittin da tara, ba ta da wani littafi irin wannan a cikinta, kuma bakinta ba zai iya faɗin abin ba.

Ranar Kyautar Garrick ta faɗo a Nuwamba. Clarrie ya raka ta, ya sa kwat a kan rigar sanyin tasa duk da zafin da ake yi. Suka shiga jirgin ƙasan Melbourne a Warrnambool da sassafe. A ɗakin taron an jera marubuta shida a teburin gaba, kowa ya haddace jawabin da zai rantse bai shirya ba, kowa kuma ya yi atisayen fuskar da ake yi in an kira sunan wani. Aka kira wani saurayi daga Brisbane mai ɗan kunne, wanda ya rubuta labarin kakarsa da akuyarta. Merle ta yi tafi har tafinta ya yi ja. Saurayin ya hau ya ce bai cancanta ba, kamar yadda ake yi, ya ce littattafan sauran biyar ɗin duk sun fi nasa. Daga baya ya zo ya riƙe hannun Merle ya ce nata yana gefen gadonsa.

Rashin kyautar bai dame ta sosai ba. A jirgin komawa ne abin ya fashe. Sun wuce Colac, shanu na kiwo a bayan taga, Clarrie ya sayo shayi biyu yana ta surutu, fuskarsa a sake fiye da yadda ta gan ta duk shekarar.

"Alƙalan nan makafi ne," ya ce. "Akuya! Naki ya fi nasa nesa ba kusa ba. Gagarumin..."

"Clarrie, rufe mini baki."

Ya tsaya da kofi a hannu.

"Kada ka ƙara yaba mini littafi. Ba ka karanta ba."

"Haba, Tuckwell, ai yana..."

"Yana tagar kicin! Da idona na gani. Na karanta naka takwas, na binne tumaki sun fi dubu, ban taɓa tsallake fari ɗaya ba. Nawa guda ɗaya ka mayar da shi katako."

Wani mutum a kujerar gaba ya sauke jaridarsa a hankali don ya ji da kyau. Merle ta san ta karya doka, irin karyawar da ba a gyarawa, amma ta riga ta fara.

"Ba don alƙalai na rubuta shi ba," ta ce. Ta juya ga taga, tana kallon waje har Warrnambool.

Juma'a ta zo, ba ta je benci ba. Wata Juma'ar ma haka. Noreen ta aiko tambaya ko lafiya, don kifi biyu take ware musu kowace Juma'a, yanzu babu mai zuwa ko ɗaya. Merle ta share gida, ta yanke ciyawa, ta gaya wa kanta cewa ta yi asarar aboki a kan takarda, kuma da ta yi shiru da yanzu tana da Juma'arta.

Juma'a ta uku tana ba wa tumatirinta ruwa da rana, sai ta ji ƙarar ƙofar shinge. Clarrie ne. Ƙunshin kifi a hannu ɗaya, a ɗaya hannun kuma wani abu mai kumburi wanda sai da ta duba sosai ta gane littafinta ne. Bai gaishe ta ba.

"Cike yake da kurakurai," ya ce.

Ta saki tiyon, ruwa na zuba a kan takalminta.

"Na farko, ba a aski in tumaki sun jiƙe. Kin sa ana aski ana ruwa. Duk mai askin da ya karanta zai yi miki dariya."

"A cikin rumfa suke."

"Sun kwana a waje, ke kika rubuta. Na biyu, hujin rigar a hannun hagu yake, ba dama ba." Ya ɗaga gwiwar hannunsa ya nuna mata. "Na uku, mutumin nan ba ya cinye mata dankali. Taya ta yake yi, ba ta taɓa gamawa."

"Sai me kuma?"

Ya buɗe littafin, shafukan sun manne, ya raba su da babban yatsa. Kunnuwansa sun yi ja.

"Ranar da suka fara haɗuwa. Kin ce tana sanye da shuɗiyar riga, shi kuma ko kallonta bai yi ba."

"Haka aka yi."

"Koriya ce."

"Shuɗiya ce, Clarrie. Rigata ce, ni na saya."

"Koriya, mai fararen maɓallai. Na biyu daga sama ya ɓalle, kin maƙale wurin da fil. Kina ta rufe shi da hannu, kina zaton ba wanda ya gani."

Merle ta buɗe baki za ta yi musu, sai rigar ta dawo mata. Koriya ce. Ta yayarta ce ma, aro ta yi, kuma fil ɗin ya soke ta sau biyu a ranar. Shekara arba'in tana tuna ta shuɗiya.

"In za a sake bugawa ki gyara," in ji Clarrie, yana kallon tumatir. "Da wancan wurin ma, inda kika ce bai kalle ta ba."

Ta kashe famfo. Suka zauna kan matakalar baranda, ya warware takardar a tsakaninsu. Kifin ya huce, dankalin ya yi laushi. Ya kai hannu kamar kullum, sai ya tsaya, ya tura mata ƙunshin gabanta.

"Ɗauki mana," ta ce. "Ai ba na gamawa."